Kalmar "destitute": wanda aka yasar, da wanda ake kwashewa daga titi

Mai karanta jaridun Turanci na Najeriya ya saba cin karo da kalmar "destitute", kuma kusan kullum a labari iri ɗaya take fitowa. Hukumar wata jiha ta kai samame, ta kwashe mutane daga ƙarƙashin gada ko bakin kasuwa, an loda su a mota an yi gaba da su. Idan gidan rediyo ya zo fassara labarin sai ka ji an ce mabarata, wani lokaci gajiyayyu, wani lokaci ma masu taɓin hankali da ke gararamba a gari. Da haka mai sauraro ya ɗauka ma'anarta ke nan. Alhali a cikin Turancin da ta girma, babu bara a ma'anar wannan kalma ko ta ƙwayar zarra. Mutum yana iya kasancewa cikin halin da take nufi har ya mutu bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma akwai mabaracin da kalmar ba ta hau kansa ba sam.

Siffa ce da ake yi wa mutumin da ya rasa abubuwan da rayuwa ba ta yiwuwa sai da su, wato abinci da sutura da wurin kwana, kuma ba shi da hanyar samo su. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ƙashin bayanta. Leburan da ke fita da safe ya samo na cefanen yini, hannu baka hannu ƙwarya, Bature zai kira shi "poor", kalma mai faɗi wadda ta ɗauki duk mai ƙaramin ƙarfi. Ranar da ciwo ya kwantar da leburan nan, aka sayar da katifa da rediyo aka cinye, mai kanti ya rufe littafin bashi, mai gidan haya ya fitar da kayansa waje, kuma babu wani ɗan'uwa da zai ce zo ka raɓa, ranar ce ya faɗa cikin abin da suke kira "destitution". Poor tana da hawa-hawa. Wannan kuwa ita ce ƙasan rijiya.

Asalinta daga Latin ne, daga aikatau destituere, wanda ke nufin a ajiye abu a juya masa baya, a yasar da shi. Da wannan ma'ana ta shigo Turanci a ƙarshen ƙarni na 14: yasasshe, wanda aka gudu aka bari. Sai a ƙarni na 16 ta karkata ga rashin abin hannu. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci ta 1611, cikin wasiƙar Yaƙub sura ta 2 aya ta 15, da ita aka kwatanta ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ba su da sutura, suka kuma rasa abincin yini. A tsohon rubutu ana haɗa ta da "of" don a ce abu ya rasa wani abu ɗungurungum, kamar ƙasar da babu itace ko guda, ko zuciyar da babu tausayi a cikinta. Wannan amfani ya tsufa, da wuya ka ji shi a bakin mutane yau. Amma inuwar ma'anar farko ba ta gushe ba. Har yanzu Turawa sun fi haɗa kalmar da aikatau mai nufin bari: miji ya mutu ya bar matarsa a wannan hali, ambaliya ta bar ƙauye a wannan hali, yaƙi ya bar jama'a a wannan hali. Kullum akwai wani abu da ya janye, ya bar mutum tsaye shi kaɗai.

Abin da ya ba kalmar nauyin da take da shi a yau shi ne doka. A 1834 Ingila ta sake fasalin dokarta ta tallafa wa matalauta, wadda ta samo asali tun zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko. Kwamitin da ya rubuta rahoton da aka gina sabuwar dokar a kansa ya ja layi tsakanin mutum biyu. Na farko shi ne wanda dole sai ya yi ƙwadago kafin ya ci, kuma a ganinsu wannan shi ne halin yawancin bayin Allah, ba ruwan baitulmali da shi. Na biyu shi ne wanda ba ya iya aiki, ko kuma aikinsa ba ya samar masa abin da zai rayu. Shi kaɗai ne hukuma za ta ciyar. To ta yaya za a bambance su? Sai suka ƙirƙiro gwaji mai tsanani: duk mai ƙarfi a jika da ke son tallafi, ya shiga gidan aiki na hukuma, inda ake raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya, a sa musu tufafi iri ɗaya, a ba su aikin fasa dutse ko warware tsohuwar igiyar jirgin ruwa. Da gangan aka tsara zaman gidan ya fi rayuwar mafi ƙasƙancin lebura muni. Hikimarsu ita ce babu mai yarda ya shiga sai wanda da gaske ba shi da wata madafa. Shigarka ita ce shaidarka.

Tsari ne na rashin imani, kuma abin kunyar da ya manna wa mutane ya daɗe bai goge ba. Amma ya bar wani abu da ya kamata a lura da shi: daga nan kalmar ta zama ƙofar haƙƙi. Wanda aka tabbatar ya faɗa wannan hali, wajibi ne a kan hukuma ta ciyar da shi ta ba shi wurin kwana, ko da a wulaƙance. A 1909 Beatrice Webb, mai fafutukar gyaran rayuwar matalauta, da abokanta a wani kwamitin bincike na gwamnati suka fitar da rahoton marasa rinjaye, suka ce jira sai mutum ya faɗi ƙasa warwas kafin a taimake shi wauta ce, a tare ciwo da tsufa da rashin aiki tun kafin su kai shi can. Ba a karɓi shawararsu nan take ba. Sai 1948 aka binne tsohuwar dokar gaba ɗaya.

Har gobe kalmar tana cikin dokokin Birtaniya da wannan aiki. Sashe na 95 na dokar shige da fice da neman mafaka ta 1999 ya fayyace ta: mutum ya shiga wannan hali idan ba shi da wurin zama da ya dace kuma ba shi da hanyar samu, ko kuma yana da wurin zama amma ba ya iya biyan sauran buƙatun rayuwa na dole. Mai neman mafakar da ya cika wannan sharaɗi yana iya samun masauki da ɗan kuɗin abinci. A 2005, a shari'ar da aka sani da sunan Limbuela, kotun ƙoli ta ƙasar a lokacin, wato alƙalan Majalisar Dattawa, ta yanke cewa idan gwamnati ta hana mai neman mafaka aiki, ta kuma hana shi tallafi har ya koma kwana a titi da yunwa, hakan na iya zama muzgunawar da dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta haramta. 'Yan Najeriyar da suka tafi can karatu ko aiki sun san sharaɗin da ake liƙa wa biza da yawa, cewa mai ita ba shi da rabo a tallafin gwamnati. A wasu rukunan biza, ɗaya daga cikin hanyoyin neman a ɗage wannan sharaɗi shi ne mutum ya kawo shaidar cewa ya faɗa wannan hali ko yana daf da faɗawa. Wato a can, mutum ne da kansa ke cike takarda yana cewa ni destitute ne, saboda kalmar tana buɗe masa ƙofa.

Da zarar an ce "buƙatun dole", tambaya ta taso: su wane ne, kuma wa ya yanke? Masanin tattalin arziki Adam Smith ya taɓo wannan tun 1776, inda ya ce abin dole bai tsaya ga abin da ke riƙe rai ba, ya haɗa da duk abin da al'adar gari ta sa rashinsa ya zama abin kunya ko ga mafi ƙanƙantar mai mutunci. Ya ba da misali da rigar lilin: mutanen Girka da Rum na da sun rayu lafiya ba tare da ita ba, amma leburan Turai na zamaninsa zai ji kunyar fita bainar jama'a ba ya sanye da ita. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Matar da ba ta da mayafin fita unguwa, ko magidancin da ba shi da riga ɗaya ta zuwa masallacin Juma'a, ba yunwa ce ta kama su ba, amma rashin ya tsare su a ɗaka, ya yanke su daga suna da biki da jana'iza, wuraren da ake ƙulla zumuncin da ke ceton mutum ranar tsanani.

Gidauniyar Joseph Rowntree ta Birtaniya, tare da masu bincike na Jami'ar Heriot-Watt, ta yi ƙoƙarin mayar da kalmar abin aunawa. Ta zayyana abubuwa shida: wurin kwana, abinci, ɗumama gida, hasken gida, tufafi da takalmin da suka dace da yanayi, da kayan tsabtar jiki irin su sabulu da man goge baki. Duk wanda ya rasa biyu ko fiye daga cikinsu a wata guda da ya wuce saboda rashin kuɗi, ko kuma kuɗin shigarsa ya yi ƙarancin da ba zai iya sayen su da kansa ba, ya shiga lissafi. Kowane ɗaya da ma'auninsa: a abinci, cin ƙasa da sau biyu a yini har kwana biyu ko fiye, a wurin kwana, kwana a waje ko da dare ɗaya, a ɗumama da haske, kwana biyar. Ba a ofis kaɗai aka yanke jerin ba, an tambayi jama'ar ƙasar ko sun yarda waɗannan su ne na dole. Da wannan ma'auni aka ƙiyasta cewa mutum miliyan 3.8 a Birtaniya sun ɗanɗana wannan hali a wani lokaci cikin 2022, kusan miliyan ɗaya daga cikinsu yara, adadin da ya ninka na 2017 fiye da sau biyu.

Abu biyu nake so a riƙe daga nan. Jerin na ƙasar sanyi ne, shi ya sa ɗumama gida ta shiga, ruwan sha kuwa bai shiga ba tunda famfo na kowane gida. Na biyun ya fi muhimmanci: yawancin mutanen nan miliyan 3.8 ba a titi suke ba. Suna cikin gidaje, ƙofa a rufe, fitila a kashe. Kuma ana lissafa su ne a matsayin waɗanda hali ya same su a wani lokaci, abin da ake shiga ake fita, ba wani jinsin mutane ba.

Akwai wata ma'anar da masu nazarin fari da yunwa suka fito da ita, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da ƙasarmu. A wajensu destitution shi ne mutum ya rasa abin da yake neman abinci da shi: gona, shanu, jaki, garma, iri, jari. Masani Alex de Waal, wanda ya yi bincike a yankin Darfur na Sudan a kan yunwar 1984 zuwa 1985, ya tarar da abin da ya ba ma'aikatan agaji mamaki. Mutane suna zaɓar su sha yunwa, su ci ganyaye da 'ya'yan itatuwan daji, maimakon su cinye irin shuka ko su sayar da ragowar dabbobinsu. Babban abin da suke tsoro bai tsaya ga yunwar bana ba. Suna gudun kada damina ta dawo ta tarar ba su da abin komawa gona da shi. Yunwa tana wucewa, amma wanda ya sayar da gona ya ci, da wuya ya sake zama manomi. Baturiya mai bincike Polly Hill ta ga irin wannan a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, inda ta kwatanta magidantan da talauci ya hana su noma: rumbu ya ƙare tun kafin damina, dole su tafi ƙwadago a gonar wani a daidai lokacin da tasu ke neman noma, bana su girbe kaɗan, baɗi su fi haka rauni. Bayan farin 1973 da na 1984, Buzaye da Fulanin da garkensu ya ƙare sun gangaro biranen Najeriya, da yawa suka zama masu gadi. Mutumin da jiya yake da raƙuma, yau yana kwana a ƙofar gidan wani. Yana samun na abinci, amma ya rasa abin da ya sa shi zama shi. A yau ɗin nan ma, wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa a Zamfara ko Katsina, aka sayar da gona da shanu aka biya kuɗin fansa, wannan ma'ana ce ta hau kansa daidai. Shi ya sa a ma'aunin matakan ƙarancin abinci da hukumomin duniya ke amfani da shi, mataki na biyar mafi muni an siffanta shi da yunwa da mutuwa da wannan kalma tare.

To ta yaya kalma mai wannan zurfi ta koma sunan mabarata a wajenmu? Hanyar ta bi ta dokokin mulkin mallaka na hana zaman banza da yawon gari, inda hukuma ta fi damuwa da tsabtar titi a kan cikin mutum. Ba mu kaɗai ba ne. Malesiya tana da dokar 1977, Singafo tana da ta 1989, duka suna ɗauke da wannan kalma a sunansu, kuma duka sun cusa mai bara a bainar jama'a cikin ma'anarta, suka ba jami'i ikon ɗauke shi ya kai gidan kulawa. A Turancin Najeriya da na Indiya har jam'i aka yi mata, ana cewa "destitutes", abin da Baturen Ingila ba kasafai yake faɗa ba. Ƙarin harafi ɗaya ne, amma ya juya siffar hali ta zama sunan wasu mutane, kamar a ce direbobi ko mahauta. Wanda aka ce hali ya same shi, tambayar da ke biyo baya ita ce me ya faru da shi. Wanda aka mayar da shi jinsi kuwa, tambayar ita ce ina za a kai su.

An ga amsar sau da yawa. A watan Yuli na 2013 gwamnatin Legas ta ɗebi wasu mutane da ta kira da wannan suna ta sauke su a Onitsha ta jihar Anambra, abin ya zama rigima tsakanin jihohin biyu har Gwamna Peter Obi ya kai ƙara fadar shugaban ƙasa, daga baya Gwamna Babatunde Fashola ya nemi afuwa. A Ebute Metta akwai gidan Okobaba mai ɗauke da wannan kalma a sunansa, wanda yawancin mazaunansa 'yan Arewa ne, makafi da guragu da kutare da iyalansu. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun yi ta musayar almajirai a manyan motoci, kowa yana mayar da yara jiharsu ta asali. A watan Oktoba na 2024 ministan Abuja Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adin barin titunan birnin. A duk waɗannan, kalmar tana fitowa ne daga bakin mai iko yana nuna wani da yatsa. Ban ce bara a titi ba matsala ba ce. Yaro ɗan shekara bakwai da ke bin motoci da roba a hannu abin kuka ne, kuma akwai masu mayar da bara sana'a suna hayar yara. Amma kwashewa tana kawar da abin da ido ke gani ne kawai, shi ya sa bayan 'yan makonni ake sake ganin fuskokin a mahaɗar da aka ɗauke su.

Ba dole ba ne ƙasar Afirka ta bi wannan hanya. Botswana ta fitar da manufa ta ƙasa a kan irin waɗannan mutane tun 1980, ta sabunta ta a 2002. A can ma'aikacin jin daɗin jama'a ne ke tantance mutum bisa abin da ya mallaka da abin da yake samu, idan ya cancanta a yi masa rajista yana karɓar tallafin abinci duk wata. Kalma ɗaya, gadon mulkin mallaka ɗaya, amma su sun riƙe ɓangaren haƙƙin, mu muka riƙe ɓangaren samamen.

Mai fassara zuwa Hausa yana da kalmomi da yawa a gabansa, ko wacce da inda take karkata. Talaka a asali ba ta nufin marar kuɗi, tana nufin wanda ba ya riƙe da sarauta, shi ya sa attajiri ma talakan sarki ne, kuma da wannan ma'ana ta siyasa jam'iyyar NEPU ta ɗauke ta a 1950. Matalauci ta yi faɗi. Matsiyaci ta fi kusa ta fuskar tsanani, amma zagi ce, tsiya a Hausa ta haɗa rashin abin hannu da mugun hali, ba za ka faɗa wa dattijo ita ba. Gajiyayye tana nuna rauni na jiki, ta bar mai ƙarfin da bala'i ya tsiyata. Marar galihu da marar gata su ne suka kama tsohuwar ma'anar yasarwa, domin a ƙasar Hausa abin da ke raba mai fama da wanda ya faɗi shi ne ko yana da mutane. Sai maganganun yau da kullum, waɗanda sau da yawa sun fi kalma guda faɗar gaskiya: ba shi da cin yau balle na gobe, ya rasa abin sa wa a bakin salati, gidan nan kwana biyu ba a ɗora tukunya ba.

Malaman fiƙihu sun riga masu ƙididdiga shiga wannan muhawara da ƙarnuka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta fara jera masu cin zakka da faƙirai da miskinai, sai malamai suka tambaya wane ne ya fi buƙata. A mazhabar Malikiyya da muke bi, faƙiri shi ne mai ɗan abin da bai isa ya ci shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai, suna kafa hujja da ayar Suratul Balad da ta ambaci miskinin da ya manne da turɓaya. Shafi'iyya da Hambaliyya suka juya lissafin, suna nuni da Suratul Kahfi inda aka kira masu jirgin ruwa miskinai alhali suna da jirgi suna aiki da shi. Ko ta wace fuska aka duba, an yarda rashi hawa biyu ne, kuma kowane hawa yana da rabo a dukiyar mai hali, rabon da ba alfarma ba ne. Abin da ya faru da kalmar miskini a bakin Bahaushe ya yi kama da abin da ya sami takwararta ta Turanci: ta zame daga mai tsananin buƙata ta koma sunan mai naƙasa, musamman wanda ake gani yana bara.

Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya tare wannan zamewa tun daga tushe. Ma'anarsa ita ce miskini ba shi ne mai zagaya mutane wanda loma ɗaya ko biyu, dabino ɗaya ko biyu ke sallamarsa ba. Miskini shi ne wanda bai sami abin da zai wadace shi ba, ba a gane halinsa balle a ba shi sadaka, kuma ba ya tashi ya roƙi mutane. Wannan ya fi shafar mu fiye da kowa, saboda al'adarmu ta ɗora rufin asiri sama da kusan komai. Magidanci zai wanke rigarsa ɗaya ya goge, ya zauna a majalisa ana hira, a ce masa ina gajiya ya ce babu gajiya, a ce ya iyali ya ce lafiya lau, alhali tun jiya yara ba su ci ba. Bazawara mai marayu biyar za ta rufe ƙofa da azahar don kada maƙwabta su lura ba hayaƙi. Babu samamen da zai taɓa kai wa gare su, kuma duk tsarin da ya ɗauki bara a matsayin alamar rashi ya riga ya cire su daga lissafi.

Alƙaluma suna nuna girman abin da ke ɓoye. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 65 cikin ɗari na waɗannan suna Arewa, kuma a jihar Sakkwato adadin ya kai kashi 91 cikin ɗari. Idan tara cikin goma matalauta ne, kalmar talauci ta daina taimaka wa mai rabon tallafi, tunda ba ta nuna masa ta inda zai fara ba. Saboda irin wannan ne cibiyar nazarin talauci ta Jami'ar Oxford ta fito da ma'auni na biyu a 2014, ta kuma raɗa masa wannan kalma da muke magana a kai. Ta tsananta kowane sharaɗi: maimakon rashin abinci mai gina jiki, tamowa mai tsanani, maimakon mutuwar yaro ɗaya a gida, mutuwar biyu ko fiye, maimakon rashin kammala firamare, gidan da babu wanda ya yi ko shekara ɗaya a makaranta, maimakon masai marar kyau, rashin masai gaba ɗaya. A wannan ma'auni Jamhuriyar Nijar ce ta zo kan gaba a ƙasashen da aka auna, da fiye da kashi biyu cikin uku na jama'arta. Babu mai hankalin da zai ce kashi biyu cikin uku na mutanen Nijar mabarata ne. Manoma ne da makiyaya da matansu, suna aiki tun asuba.

Don haka mai fassara ya fara duba bakin da kalmar ta fito. Idan sanarwar hukumar tsabtace gari ce, gaskiya ita ce a ce mabarata da masu kwana a titi, domin su ake nufi, kada a ara musu kalmar tausayi da ba su yi niyya ba. Idan rahoton yunwa ne, a ce waɗanda suka rasa komai har da abin sana'a. Idan takardar doka ce ta Birtaniya, a fayyace cewa marar matsuguni ne ko marar abin biyan buƙatun dole, tunda haƙƙin mutum na rataye da wannan fassara. Hukumomin zakka irin na Kano da Sakkwato da Zamfara kuwa, waɗanda aikinsu ke nan tun asali, ba su buƙatar Turancin ko kaɗan. Abin da suke buƙata shi ne hanyar kai wa ga wanda ba zai taɓa zuwa ya bi layi ba, kuma sunayen irin waɗannan suna wajen mai unguwa da limamin masallacin layi da ungozoma da mai kantin da ke rubuta bashin garin masara.